Ba na shan giya: ina zan zauna a Vienna in ga al'adar garin?

Tambaya: Malam, an tura ni taron aiki a Vienna, babban birnin Ostiriya, a ofishin hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, kuma zan sami 'yan kwanaki bayan an tashi taron. Duk abin da na karanta game da al'adun garin sai in tarar ana maganar wuraren sha. Ni kuwa ba na shan giya. Akwai inda zan zauna in sha wani abu hankali kwance, in fahimci garin, ko in tsaya ga gidajen tarihi kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka tsaya ga gidajen tarihi. Na zauna a garin nan shekaru, na kuma sha kewayawa da baƙi irinka, don haka ina gaya maka da tabbaci: wurin shan da mutanen Vienna suka fi tinƙaho da shi gidan gahawa ne, kuma ƙofarsa a buɗe take gare ka. Abubuwa uku ne tarihin garin ya ɗauru da shansu: gahawa, da ruwa, da giyar inabi. Biyu daga ciki naka ne ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Na ukun zan bayyana maka yadda yake, kai kuma ka yanke wa kanka.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, a gidan gahawar Vienna, wanda suke kira Kaffeehaus, kujera kake saye, gahawar kuma kamar tikitinta ce. Ka nemi kofi ɗaya, ka zauna awa biyu ko uku, babu mai yi maka kallon ka tashi. Za a kawo maka gahawar a ɗan ƙaramin faranti na ƙarfe, gefenta ga kofin gilashi na ruwan sanyi, an kifa cokali a bakinsa. A tsofaffin gidaje, idan ruwan ya ƙare sai a sake kawo wani ba ka tambaya ba, ba kuma za a ƙara ko sisi a lissafinka ba. Jaridun ranar suna rataye a jikin sandunan riƙo na kara, na gida da na waje, kowa ya ɗauka ya karanta ya mayar. A 2011 hukumar UNESCO reshen Ostiriya ta sanya wannan al'ada a jerin gadon ƙasar da ba na gini ba, kuma abin da ta ambata ke nan: wuri ne da mutum ke cinye lokaci da fili, amma gahawa kaɗai ake rubuta masa a takardar biya. Ka lura jerin na ƙasa ne. Daban yake da jerin wuraren tarihi na duniya, wanda tsakiyar birnin ya shiga a 2001. Masu tallar yawon buɗe ido sukan cakuɗa su.

Ya ɗan yi kama da teburin mai shayi a wurinmu, inda shayin ke zama dalilin zama, labari kuma shi ne abin da ya tara mutane. Bambancin shi ne a can mafi yawa shiru ake yi. Marubuci Alfred Polgar, wanda ya sha zama a Café Central, wani shahararren gidan gahawa a garin, ya siffanta mazauna wurin da cewa mutane ne masu son kaɗaici amma ba sa iya yinsa sai a cikin jama'a. Saboda haka in ka shiga kai kaɗai da littafi, ba wanda zai ga baƙon abu. Haka aka saba.

Wannan hali yana da dalili. A ƙarshen ƙarni na 19 mutane sun yi ta kwarara Vienna daga sassan daular Habsburg, wadda Vienna ce babban birninta, Cek da Yahudawan gabas da Hungariyawa da sauransu, har yawan jama'ar ya haura miliyan 2 a 1910. Gidajen haya ƙuntatattu ne, ga duhu, ga sanyin hunturu, gawayin ɗumama ɗaki kuma da tsada. Akwai ma talakawan da gado kawai suke haya na 'yan awoyi a ɗakin wani. Gidan gahawa kuwa yana da ɗumi, da haske, da jaridun da mutum ba zai iya saye duka ba. Sai ya zama falon wanda ba shi da falo, ofishin wanda ba shi da ofis. Marubuci Peter Altenberg har adireshinsa na karɓar wasiƙa Café Central ne, shi ya sa yau mutum-mutuminsa ke zaune a bakin ƙofar.

Game da asalin abin, za a ba ka wani labari, kuma ya kamata ka san matsayinsa. A 1683 rundunar Turkawa ƙarƙashin Kara Mustafa ta yi wa Vienna ƙawanya wata biyu, har ranar 12 ga Satumba dakarun taimako bisa jagorancin sarkin Poland, Jan Sobieski, suka gangaro daga tudun Kahlenberg suka karya ta. Wai Turkawan sun gudu sun bar buhunan wasu 'ya'yan itace da aka ɗauka abincin raƙuma ne, sai wani mai suna Kolschitzky, da ya san harshen Turkanci ya kuma yi leƙen asiri lokacin ƙawanyar, ya roƙa a ba shi, ya buɗe gidan gahawa na farko. Akwai titi da sunansa a gunduma ta 4, da mutum-mutuminsa a kusurwar wani gini yana zuba gahawa. Yaƙin gaskiya ne, mutumin ma ya rayu, amma batun buhunan an ƙirƙiro shi ne kusan shekara ɗari bayan haka. Abin da takardu suka tabbatar shi ne a Janairun 1685 aka ba wani ɗan kasuwa ɗan Armeniya, Johannes Diodato, izinin sayar da gahawa a birnin. Ni na fi ganin darajar wannan na biyun, domin yana nuna cewa fatauci da cuɗanya da ƙasashen Musulmi ne suka kawo gahawar, kamar yadda suka kai ta Venice da Landan kafin nan.

To ina za ka je? Kowa zai ce maka Café Central, a titin Herrengasse, wanda aka buɗe a 1876. Ginin abin kallo ne, da ginshiƙansa da rufinsa mai lanƙwasa, kuma a nan Leon Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha, yake buga darar Turawa a shekarun da ya yi gudun hijira a Vienna kafin yaƙin duniya na farko. Sai dai yawanci layi ne a ƙofar, kuma inda ake layi ba ka iya zama awa uku da zuciya ɗaya alhali ga mutane tsaye a sanyi suna jiran kujerarka. Ka je da sassafe ka gani, amma kada ka ɗauka ka ga al'adar.

Wanda nake fara kai baƙo shi ne Café Sperl, a Gumpendorfer Straße, na 1880. Kujerun sun ɗan ƙoƙe, katakon ƙasa yana ƙara, ga teburan sinuka a gefe an shimfiɗa jaridu a kan ɗaya, haske na shigowa ta manyan tagogi. Ka nemi lungun taga in ka samu. Café Prückel, a kan babban titin Ring daura da gidan tarihin sana'o'in hannu, kayan cikinsa na shekarun 1950 ne, kuma 'yan gari sun fi yawa a cikinsa: ɗalibai, tsofaffi masu karta, ma'aikata da takardunsu. Café Hawelka kuma ɗan ƙarami ne mai duhu a Dorotheergasse, taku kaɗan daga babbar majami'ar Stephansdom. Leopold Hawelka da matarsa Josefine suka buɗe shi a 1939, yaƙi ya sa suka rufe, suka sake buɗewa a 1945, ya zama matattarar masu zane da marubuta. Josefine ta shahara da Buchteln, wani burodi mai laushi da ake cusa wa jam, ana fito da shi da zafinsa da dare, kuma iyalin sun ci gaba da yinsa. Leopold ya rasu a 2011 yana da shekara 100. Café Landtmann, na 1873, kusa da gidan wasan Burgtheater, shi ne na 'yan siyasa da 'yan jarida, Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ma yakan zauna can. Ya fi sauran tsada. Daga inda za ku yi taro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na U1 zai kai ka Stephansplatz ko Karlsplatz kai tsaye, sauran kuma tafiyar ƙafa ce.

Akwai abin da nake so ka riƙe a rai yayin da kake zaune a irin waɗannan wurare. Kaso mai yawa na marubuta, likitoci, lauyoyi da 'yan jaridar da suka raya su Yahudawa ne. Da Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya a Maris na 1938, aka hana su shiga, aka ƙwace gidajen gahawar da suka mallaka, aka kori da yawa, aka kashe sama da 65,000 na Yahudawan ƙasar. Teburan sun tsira, masu zaman ba su dawo ba. Bayan yaƙi kuma talabijin da ƙananan shagunan gahawa irin na Italiya, inda ake sha a tsaye a wuce, suka sa gidaje da dama suka rufe. Waɗanda ka tarar yau ragowa ne, shi ya sa nake jin zafin duk wanda aka mayar kantin tufafi.

Yanzu batun abin da za ka nema, kuma nan ne nake so ka natsu, don nan ne mai gudun giya ke iya faɗawa ba da saninsa ba. Kada ka ce a ba ka gahawa kawai, kowace da sunanta. Melange ita ce ta kowa: gahawa da madara mai zafi, da kumfar madara a sama. Kleiner Brauner ƙarama ce mai ƙarfi, ana kawo ta da ɗan kirim a gefe. Babbarta Großer Brauner. Verlängerter an tsawaita ta da ruwan zafi. Einspänner baƙa ce a kofin gilashi, an ɗora mata tulin kirim ɗin da aka buga, wanda suke kira Schlagobers. Duk waɗannan babu komai a cikinsu. Amma Fiaker da giyar rum ake haɗa ta, Maria Theresia da giya mai ɗanɗanon lemo, Pharisäer ma da rum, kuma dukkansu suna cikin jeri ɗaya da sauran gahawa a takardar, ba a ware su ba. A wajen kek, ka guji Punschkrapfen, wani ɗan murabba'i mai launin hoda, rum ne jigonsa. Esterházytorte sau da yawa ana sa wa kirim ɗinsa giya, zabibin cikin Apfelstrudel, wani kek na tuffa, ma wasu a rum suke jiƙa shi. Sachertorte, kek ɗin cakulan da ake dangantawa da Franz Sacher tun 1832, kowane gida da yadda yake yinsa. Maganin duka ɗaya ne, ka tambaya: "Ist da Alkohol drin?" Wato akwai giya a ciki? Tambaya ce da suka saba ji daga masu juna biyu da direbobi da marasa lafiya, ba wanda zai yi mamaki. In za ka ci abinci, Schwein alade ne, Schmalz kitsensa ne galibi. Wiener Schnitzel, soyayyen naman da aka san garin da shi, na ainihi naman maraƙi ne, amma mai araha yawanci na alade ne, wasu kuma a kitsen alade suke soya ko da na maraƙin.

Ka kuma sani cewa gidan gahawa ma yana sayar da giya ga mai so. Ba ita ce ta tara mutane ba, da rana da wuya ka ga fiye da kofi ɗaya ko biyu a duk ɗakin, amma gara ka ji daga gare ni.

Mai hidimar, cikin baƙar kwat da ɗan ɗaurin wuya, ana kiransa Herr Ober. Ba ya yawan murmushi, ba ya rawar jiki, wannan ba wulaƙanci ba ne, sana'arsa ce yake ɗauka da girma. Ka gaishe shi da "Grüß Gott", ka jira ya zo da kansa, kada ka tafa hannu ko ka yi masa tsaki don kira. Ba zai kawo lissafi ba sai ka ce "Zahlen, bitte". Tukuici kuma ba a barinsa a tebur: kana miƙa kuɗin sai ka faɗi jimillar da kake so ya riƙe, ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ka riƙe tsabar kuɗi, wasu tsofaffin gidaje ba sa son kati. Hayaƙin taba ba zai dame ka ba, an hana sha a ciki tun Nuwamban 2019.

Wannan ruwan da ke gefen gahawarka shi ma gado ne, kuma a ganina ya fi fadoji da yawa cancantar a yi masa tattaki. Har tsakiyar ƙarni na 19 mutanen Vienna rijiyoyi da ruwan kogin Danube suke sha, kwalara da taifot suna ta ɗibarsu. Wani masanin duwatsu, Eduard Suess, ya dage sai an jawo ruwa daga idanun ruwan tsaunukan Rax da Schneeberg, majalisar birni ta amince duk da masu cewa ɓarnar kuɗi ce. A Oktoban 1873 Sarki Franz Joseph ya buɗe magudanar, mai tsawon kusan kilomita 95 a lokacin. A 1910 aka ƙara ta biyu daga tsaunin Hochschwab, kusan kilomita 180. Gangare kaɗai ke kawo ruwan, babu injin turawa, yana tafiyar kwana ɗaya zuwa kwana ɗaya da rabi kafin ya iso. Mace-macen cututtukan ruwa suka faɗi warwas. A 2001 birnin ya sa kariyar ruwan a dokarsa ta tushe don kada a sayar da shi ga 'yan kasuwa. Saboda haka kada ka ɓata kuɗinka a ruwan roba. Ka buɗe famfon otel ka sha, ka cika gorarka a famfunan titi, sun haura dubu. Babban maɓuɓɓugin da ke dandalin Schwarzenbergplatz, Hochstrahlbrunnen, don tunawa da isowar ruwan aka gina shi.

Saura na ukun, wanda na tabbata shi ne ka yi ta cin karo da shi a karatunka: Heuriger. Vienna na da gonakin inabi na ɗaruruwan hekta a cikin iyakar birnin kanta, abin da ba kasafai ake samu a babban birni ba. A ranar 17 ga Agustan 1784 Sarki Joseph na II ya ba kowane manomi izinin sayar da abin da ya noma da kansa, har da giyar inabinsa, ba tare da lasisin mashaya ba. Daga nan al'adar ta kafu. Manomi ya buɗe tsakar gidansa na 'yan makonni, ya rataya damin ɗanyun rassan itace a saman ƙofa alamar an buɗe, a jera dogayen bencina ƙarƙashin inuwa, iyalai su zo da yara da kakanni, wani lokaci da kiɗan Schrammel, mai goge biyu da jita da akodiyon, wanda ya samo suna daga wasu 'yan'uwa biyu, Johann da Josef Schrammel. Ita ma ta shiga jerin gadon ƙasar a 2019. Unguwanninta su ne Grinzing, Nussdorf, Neustift am Walde, Stammersdorf, Mauer.

Ba zan ɓoye maka ba, Heuriger wurin giya ne. Ba irin mashayar hayaniya da buguwa ba ce, amma giyar ce dalilin wurin, tana kan kusan kowane tebur, abincin kuma rabinsa alade ne. Ka san maganar malamai a kan zama a teburin da ake shan giya, kuma da yawa daga baƙin da na raka sun zaɓi kada su shiga. Ban taɓa ganin sun yi asarar da za ta dame su ba. Sai dai yakan faru abokan aiki su shirya liyafar rufe taro a can, har mutum ya rasa yadda zai zame. In haka ta same ka, Traubensaft shi ne ruwan inabi zalla. Apfelsaft gespritzt ruwan tuffa ne da soda, Almdudler kuma lemon ganyayyaki ne da ake yi tun 1957, babu giya a cikinsa. Ka kiyayi kalmomi uku. G'spritzter, in an faɗe shi shi kaɗai, giya ce da soda. Sturm, wanda ake sayarwa da kaka, yana kama da ruwan inabi mai gauri da zaƙi, amma ya riga ya fara tsima, giya ce. Most kuma a Vienna ruwan inabi ne da bai tsima ba, amma da ka fita yammacin ƙasar sunan giyar tuffa ne, don haka ka bar shi ka ce Traubensaft. A abinci, Liptauer cuku ne da aka kwaɓa da jan barkono marar yaji, ana shafa shi a burodi; shi da salak ɗin dankali sun fi sauƙi, ko da yake shi ma salak ɗin wasu da romon nama suke haɗa shi.

Abin da na fi ba ka shawara shi ne ka ɗauki gonakin ka bar mashayar. Ka hau taragon titi mai harafin D har ƙarshensa a Nussdorf, daga nan hanyar ƙafa da birnin ya yi wa alama ta ratsa cikin inabin ta hau Kahlenberg, tudun nan da aka gangaro a 1683. Daga sama za ka ga birnin gaba ɗaya, da Danube, da dogayen gine-ginen Majalisar Ɗinkin Duniya inda kuka yi taro. In gwiwa ba ta yarda ba, bas mai lamba 38A daga Heiligenstadt yana kaiwa har can. A Heiligenstadt ɗin ne shahararren makaɗi Beethoven ya zauna a 1802 yana fama da kurumcewa, gidan kuma yanzu gidan tarihi ne.

Kada kuma ka bar garin ba ka je Brunnenmarkt ba, a gunduma ta 16, doguwar kasuwar titi da ta ƙare a dandalin Yppenplatz. Tun yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Ostiriya ta ƙulla da Turkiyya a 1964, da Yugoslabiya a 1966, unguwar ta cika da Turkawa da Bosniyawa, daga baya Siriyawa da Afganawa suka ƙaru. A nan za ka sha jan shayi a ɗan siririn gilashi, da gahawar Turkawa mai guntu a ƙasan finjali, ka ci naman halal ba tare da tambaya ba. Littattafan yawon buɗe ido ba su cika lissafa wannan cikin gadon garin ba, ni kuwa ina lissafa shi, domin Musulunci ba baƙo ba ne a dokar ƙasar: tun 1912 aka amince da shi a hukumance, bayan daular Habsburg ta haɗe Bosniya a 1908. Kasuwar ba ta ci ranar Lahadi, kamar sauran kantunan garin, don haka ka je ranar Asabar da safe, Lahadin kuma ka bar ta wa Sperl ko Prückel, amma ka duba lokutan buɗewarsu tukuna, don wasu kan rage awoyi da bazara. In Juma'a ta riske ka a can, babban masallacin da aka buɗe a 1979 yana gunduma ta 21, kusa da tashar Neue Donau ta jirgin U6, kuma ka je da wuri don yana cika.